Inda Ya Kamata A Tsayar Da Wasa: Ɗalibai Da Wasan Kwaikwayon 'Yan Daba

Ƙorafi biyu ake yi wa wasan kwaikwayon da ɗalibai ke ƙullawa da kansu a kan 'yan daba, kuma masu yin su ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Na farko daga wajen wasu malaman adabi yake fitowa. Wai abin da ba a rubuta ba, ba shi da marubuci, ba shi da littafin da za a sa a manhaja a yi jarrabawa a kansa, bai kai a kira shi adabi ba, hayaniyar yara ce ta ranar rabon kyaututtuka. Na biyu na iyaye ne da shugabannin makarantu, masu ganin cewa yaron da aka miƙa wa gora da addar kwali aka ce ya yi tangaɗin maye a gaban jama'a, an koya masa rabin sana'ar. Mu nan Jega da Aliero da Maiyama har da ƙari muke ji: ai daba ta Kano ce, me ya haɗa ƙasar albasa da ita?

Wannan ƙarin ba ya buƙatar doguwar amsa. Sunan ne kawai na Kano. A Bauchi sara-suka ake cewa, a Gombe kalare, a Katsina ƙauraye, a Kaduna 'yan shara, a Yola 'yan shila, kuma fim ɗin da Aisha Macky ta fitar a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara ya nuna Damagaram ma tana da nata. Ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da aka fi ambato kan daba, wanda Y. Z. Ya'u ya rubuta, yana cikin littafin da ɗan garin Jega, Farfesa Attahiru Jega, ya tace a shekarar 2000, inda aka danganta bunƙasarta da tsuke bakin aljihun da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shi a 1986. Farfesa Jega kuwa shi ne shugaban hukumar zaɓe a Afrilun 2011, lokacin da tarzomar bayan zaɓe ta ci rayuka sama da 800 a Arewa cikin kwana uku, bisa ƙididdigar Human Rights Watch. In ana son na kusa, a Oktoban 2024 ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega sun yi bore kan zargin kuɗin da aka karɓa hannunsu, aka ƙone gidan shugaban kwalejin, aka rufe makarantar. Ba 'yan daba ba ne, ɗalibai ne masu katin shaida. Tazarar da ke tsakanin aji da wuta ke nan.

Tarihin wannan salo na wasan ɗalibai gajere ne. Rubutaccen wasanmu ma a makaranta ya yi rarrafe: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, da wasannin da Malam Aminu Kano ya shirya yana zambo ga masu mulki, waɗanda yawancinsu ba su shiga maɗaba'a ba. Na Shu'aibu Maƙarfi, su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, kunne ya riga ido sanin su, don a rediyo aka fara jin su. Sai a 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, aka shiga fitar da ɗalibai daga aji. A 1977 suka je Soba da Wasan Manoma, daidai lokacin da gwamnatin Obasanjo ke kururuwar shirin ciyar da ƙasa, a 1979 suka je Maska, daga baya Bomo. Su Salihu Bappa da Oga Steve Abah da Jenkeri Okwori suka riƙe abin, har ya zama al'ada ɗalibai su shiga lungunan Samaru su saurari matsalolin mutane, su ƙulla wasa, su koma su yi shi a gabansu. Daga waje an ari tunanin Paulo Freire da Augusto Boal na Brazil, wanda littafinsa kan wasan kwaikwayon waɗanda aka zalunta ya fito a 1974.

To wanda ya ce sai da littafi ake adabi, sai ya fara da korar Malam Aminu daga tarihin wasan Hausa, mu gani in zai iya. A wurin gwaji ake yin aikin da marubuci ke yi a kan takarda: a zubar da fitowa goma a riƙe uku, a canza wadda za ta riga wata, a gane cewa maganar da ta fi ciwo ita ce wadda mai faɗinta bai san tana da ciwo ba. Akwai ma ribar da littafi ba ya bayarwa. Ɗalibin Jiga Makera da aka ba shi rubutaccen wasa ya haddace, da bakin Kano zai yi magana, jama'a kuma su kalle shi kallon baƙo. Wanda ya ƙirƙiri maganarsa da kansa, da Hausar gidansu zai yi ta, kuma nan take 'yan kallo za su san da su ake.

Amma ba duk wasan da ɗalibai suka ƙulla ne zan tsaya wa ba. Akwai wanda na ƙi jini, kuma shi ya fi yawa. Yaro ya bi abokan banza, ya sha sholisho, ya koma ƙwaya, ya ƙwace waya, ya sari mutum, 'yan sanda su kama shi, uwa ta yi kuka, malam ya fito da carbi ya yi nasiha, a tafa. Wannan tsari daga finafinan Kannywood aka kwaso shi, kuma a nan iyaye suna da gaskiya: wurin faɗan ne kaɗai ke da rai, shi yara ke ɗauka su tafi da shi gida, nasihar malam kuwa tun kafin ya rufe baki an fara naɗe tabarmi. Haka nan wasannin da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, a zo da saƙo a ƙunshe tun daga ofis, a ce wa ɗalibai su sa masa riga.

Maganin duka biyun dabara ɗaya ce, ita ce tsayar da wasa. Ana cikin fitowa sai jagora ya tafa hannu, 'yan wasa su ƙame yadda suke, shi kuma ya juya ga 'yan kallo ya ce wa zai shigo ya karɓi matsayin wane, ya gwada wata hanya. Kowa ya san wannan daga Boal. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne a ina za a tsayar, alhali nan ne duk gwanintar take.

A ce ɗalibai sun yi makonni suna zama a tasha da rumfunan mai shayi da majalisar 'yan kabu-kabu, suna sauraro ba tare da biro a hannu ba. Suka ƙulla labarin saurayi mai dakon buhunan albasa. Kaka ta wuce, lodi ya ja baya, zaɓe ya matso. Wani babban mutum da ba ya fitowa daga mota ya aiko yaronsa da kuɗi da 'yar leda, ana son a tarwatsa taron abokan hamayya gobe. Wuri uku ɗalibai za su yi sha'awar tsayarwa.

Mafi yawa za su zaɓi lokacin da adda ta tashi sama, saboda ya fi ban tsoro. An makara. Babu mutum ɗaya a filin da zai ce a sara, don haka kowa ya yarda da kowa, babu gardama, babu abin da aka koya. Wasu za su ja baya can farko, su tsayar a safiyar da uba ya fita bai bar cefane ba. Wannan kuma an yi sammako da yawa. Jama'a za su ce rashin tarbiyya ne, su ɗora wa iyaye, kalmar da ke rufe kowace muhawara a ƙasar Hausa ba tare da ta buɗe komai ba.

Wurin tsayarwa shi ne lokacin da ɗan aike ya miƙo kuɗin, hannun saurayin ya baro jikinsa amma bai kai ba. A nan fili ke rabuwa biyu, domin rabin samarin da ke tsaye a baya sun san abin da su za su yi, dattawan da ke kan kujera kuma sun san motar. Jagora ba ya wa'azi, tambaya kawai yake yi, gajera: «Wa ab ba shi? Don mi shika karɓa?» Sai wani ya fito, galibi mai tsabtar riga, ya tsaya a madadin saurayin ya ce ba ya so, Allah ya kiyaye. A tafa masa. To a nan ake gane ko ɗaliban sun yi aikinsu, domin doka ita ce ɗan wasan da ke riƙe da matsayin ɗan aike ba zai sassauta ba. Ba zai yi fushi ba, zai yi murmushi ne ya tuna masa wanda ya biya kuɗin maganin tsohuwarsa bara, da wanda ya yi belinsa ranar da aka yi kame a tasha. Ya ƙara da cewa ba komai, abokinsa zai karɓa, shi ma za a tuna da shi ranar da ya zo neman alfarma. Mai tsabtar riga ya tsaya baki buɗe. Wannan amsa ba daga kan ɗalibi ta fito ba, a rumfar mai shayi ya ji ta, shi ya sa ba ta turuwa.

Na biyu ya shigo da wayo: ya karɓi kuɗin, gobe ya ɓace. 'Yan kallo su yi dariya don dabarar ta yi musu daɗi, sai 'yan wasa su ci gaba da fitowar zuwa jibi, a ga su wa suka zo ƙofar gidan da dare. Na uku, wataƙila dattijo, ya ce a kai ƙara wurin mai unguwa. A kawo mai unguwa, a ga yadda yake gyara zama in an ambaci mai motar. Wata mata ta ce ita matsayin ƙanwar saurayin take so, mai tallan da ta ga komai daga bakin tasha ba wanda ya tambaye ta. Sau da yawa a irin wannan shigowa ce ake jin abin da masu ƙulla wasan ba su taɓa tunani ba. Jagora kuwa bayan kowane gwaji tambayarsa ɗaya: wannan da ya yi, zai yiwu a unguwarku, ko sai a wasa? In suka ce sai a wasa, a koma inda hannu ke rataye.

Ga amsar iyaye nan a ciki. An yi awa guda ana maganar daba, ba a ɗaga adda ko sau ɗaya ba, ba a ga tangaɗi ba. Abin da yaro zai kwaikwaya in ya koma gida gardama ce.

A wuri ɗaya na saɓa da Boal. Shi a ƙa'idarsa wanda aka zalunta ne ake maye gurbinsa, domin shi ne ke neman mafita. Wannan ya dace da manomi da mai gona, ko ma'aikaci da mai masana'anta. Ɗan daba fa? Da safe shi aka zalunta, da yamma shi ne azzalumi, kuma wanda zai sara talaka ne ɗan'uwansa daga wata unguwa. In aka bi ƙa'idar sau da ƙafa, nauyin gyara duka a kan yaron zai faɗa, mai motar ya tsira da gilashinsa a rufe. Ni ina ganin dole a wani lokaci jagora ya buɗe ƙofar motar, ya zaunar da mutumin a tsakiyar fili, jama'a su yi masa tambayoyi yana amsawa cikin matsayinsa. Tun zamanin 'yan bangar NEPU da NPC a shekarun 1950, ba a taɓa yin bangar siyasa babu mai biya ba. Wasan da ya ɓoye shi ya ɓoye rabin labarin.

Kuma wannan ba daga Brazil muka koyo ba, duk da ladabin da muke yi wa littattafansu. Wasan gauta mene ne in ban da matan fada su kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu, kowa ya ga halinsa a jikin wani? A kalankuwa samari kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan dokarsu bayan an kawar da amfanin gona, su yi mulki na 'yan kwanaki. Tashe, daga goma ga azumi, wasa ne da ba shi da dandamali, ana yin sa a ƙofar gidan wanda ake yi dominsa, shi ma yana tankawa. Nalako a Kano gwauro na gaske yake kamawa ya zaga gari da shi. Hausawa sun daɗe da sanin cewa mai kallo ɗan wasa ne, kuma ana iya faɗa wa babba gaskiya in aka sa ta cikin raha. Abin da ɗaliban Zariya suka yi shi ne suka dawo mana da kayanmu da sabon suna. Shi ya sa nake ganin makarantun sakandaren Jega da Maiyama, da jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 duk da ta kimiyya da fasaha ce, ba sai sun jira ƙwararre daga wani wuri ba. Wanda ya taɓa yin tashe ya riga ya san rabin aikin jagora.

Wahalar da ke nan ta ƙaramin gari ce. A Kano ana iya kwaikwayon mai mota a ce wani ne can. A Aliero in ɗalibi ya karkata hularsa ta wata fuska, ko ya yi wani irin tari kafin magana, fili duka ya san wa ake nufi, kuma yaron da malaminsa a garin za su kwana. Matan fada suna da kariyar al'ada, ɗan aji biyar ba shi da ita. Don haka a wurin gwaji sai an tankaɗe duk wata alama da ke nuna mutum guda: a ɗauko tafiyar wannan, a haɗa da muryar wancan, a sa masa hular da ba ta kowace jam'iyya ba, kada a kira sunan unguwa. Sannan a gayyaci hakimi da masu unguwanni da shugabannin tasha tun kafin ranar, a ba su kujerun gaba, yadda wasan zai zama a gabansu aka yi shi, ba labarinsa aka kai musu ba.