Masu hango takobi tun daga rairayin gulbi

A ƙasar Maradi akwai wani ilimi da ba a koyarwa a aji, ba a kuma ba mai shi takardar shaida, amma duk wanda ya saba zama a bakin filin kokowa ya san masu shi. Galibinsu dattawa ne: tsofaffin 'yan kokowa da gwiwa ta zaunar, makaɗan da suka tsufa da ganga a kafaɗa, da mahauta da manoman da ba su taɓa ɗaura walki ba. Za a fito da samari biyu 'yan shekara 15 ko 16, a kama, a yi kaye, fili ya ɗauki sowa. Kowa ya bi wanda ya yi kayen da ido, mata na guɗa, ana manna masa kuɗi a goshi. Sai ka ga dattijo ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Wancan da ya faɗi, ɗan wane ne?" Shekara shida ko bakwai nan gaba, sau da yawa sunan wancan da ya faɗi za ka ji a rediyo.

Wannan ido ba duba ba ne, kuma ba sa'a ba ce. Tushensa sanin abin da ke jiran yaron a gaba. Tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa zamanin Seyni Kountché, har Yakuba Kantu ya kawo wa Maradi nasarar farko, mafarkin kowane ɗan kokowa a Nijar shi ne takobi, kyautar zakaran gasar. Jihohi 8 ne ke haɗuwa, kowace da gwanaye 10, wato mutum 80 a fili guda. Ba a raba su bisa nauyin jiki yadda ake yi a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka siririn saurayi na iya tashi da safe ya tarar an haɗa shi da ƙaton da ya ninka shi faɗi. Abin da ya fi tsanani kuwa, kaye ɗaya ya isa. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi a wannan shekara, ko da zai ci gaba da kamawa don mutuncin jiharsa. Dattijon nan ya san haka, shi ya sa tambayar da ke ransa in yana kallon yaro ita ce: wa zai iya kayar da shi, kuma ta ina? Yawan mutanen da yaron ya kayar a daren nan bai dame shi ba.

Daga ƙafa yake farawa. Mu 'yan kallo idonmu na kan ƙirji da damtse, shi nasa na ƙasa, inda rairayi ke tashi. Yana duba tazarar da ke tsakanin ƙafafun yaron in ya tsaya, da ko yana haɗe su wuri guda in an ja shi, domin mai haɗe ƙafa taɗiya ɗaya ta ishe shi. Yana duba ko yana ɗaga ƙafa sama in zai matsa, ko kuwa yana jan ta a kan rairayi yadda ba za ta rabu da ƙasa ba. In an tura shi baya, da dunduniya yake tsayawa ko da yatsu? Za ka ji sun ce, "Yaron nan yana da ƙasa." Ba su da yabon da ya fi wannan, kuma ba su cika furta shi ba. A ganina nan ne gwanintarsu ta fi burgewa, domin damtse ana iya samunsa da tuwo da atisaye cikin shekara biyu, amma tsayuwa tun yarinta take shiga jiki, tun ana tsalle-tsalle a busasshen rairayin Gulbin Maradi da rani, inda ƙafa ke nutsewa, inda dole yaro ya koyi daidaita nauyinsa ko ya sha ƙasa.

Daga ƙafa sai ƙugu. Ɗan kokowa da ƙugu yake ɗauka, da ƙugu yake ƙin ɗaukuwa. Yaron da ke sunkuyar da kai ya bar ƙugu a sama, an gama da shi ranar da ya haɗu da mai dogon hannu. Wanda ke lanƙwasa gwiwa ya sauke ƙugu, bayansa a miƙe, idonsa na kan abokin karawarsa, shi ake sa wa rai. Sai wuya, sai yatsu. Akwai yaron da in ya riƙe wuyan hannunka sai ka ji kamar an ɗaure ka da igiyar guga, kuma masana kan ce irin wannan riƙo a gona ake samunsa, wurin hauya da garma da jan ruwa. Shi ya sa in aka ce yaro ɗan Jiratawa ne, inda noman rani da lambunan zogale ba su barin matashi ya zauna ko damina ta wuce, ba a mamakin ƙarfin hannunsa. Abin da ake jira a gani shi ne ko ya san lokacin sakin riƙo, domin mai riƙon da ba ya saki, da riƙon nasa ake jan sa a kayar.

Numfashi ba ya ɗaukar su dogon nazari. Su bar kokowa ta yi nisa, su ga wa ya fara buɗe baki, wa ya fara dafa gwiwa in alƙalin wasa ya raba.

Inda suke daɗewa shi ne wurin faɗuwa. Yaron da bai taɓa faɗuwa ba, a wurinsu littafi ne da ba a buɗe ba, ba su yanke masa hukunci. Suna so su ga ranar da aka kayar da shi a gaban 'yan garinsu, a gaban yarinyar da yake so. Wani zai tashi yana zargin alƙali, wani ya ce an yi masa asiri, wani ya ɓace daga fili har kaka ta zagayo. Wani kuma zai kakkaɓe rairayi, ya miƙa hannu, ya koma gefe ya zauna yana kallon ƙafafun wanda ya kayar da shi. Bayan mako biyu in aka sake haɗa su, dattijon abu ɗaya yake dubawa: da dabarar da ta kayar da shi jiya za a sake kayar da shi yau? In an sake, to ƙarfi kawai gare shi. In ya toshe wannan ƙofa, ko da an bi ta wata an kayar da shi, dattijo zai gyara zama. Ya samu yaro mai koyo, kuma mai koyo ne kaɗai ke daɗewa a sana'ar da kowa ke nazarin kowa. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau 6 alhali babu ɗan kokowar da bai haddace salonsa ba. Ƙarfi shi kaɗai ba ya yin haka.

Akwai kuma wani lissafi mai wuya da suke yi ba tare da alƙalami ba, wato na shekaru. Yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa da za a dogara da ita, ga shi kuwa bambancin ɗan 15 da ɗan 19 a fagen kokowa ya kai bambancin maraƙi da sa. Saurayin da ya riga ya gama girma zai yi ta watsar da sa'o'insa, a yi ta yi masa kirari, alhali ya kai iyakarsa. Masanin kan dubi murya, da faɗin kafaɗa, da girman tafin hannu da na ƙafa in an gwada da sauran jiki. Yaro siriri mai manyan ƙafafu da dogayen hannuwa, jikinsa bai gama zuwa ba. Shi ya sa yake tambayar ɗan wane ne. Yana so ya tuna tsayin uban, da ƙirar kawunnan, da ko gidan suna yin ƙiba da wuri. A Tibiri, inda Gobirawa suka san zuriyar juna kaka da kakanni, wannan tambaya kan samu amsa kafin a buga gangar kokowa ta gaba. Manyan kulob na ƙwallon ƙafa a Turai suna biyan ma'aikata albashi mai tsoka, da bidiyo da kwamfuta da gwajin likita, don su amsa wannan tambaya guda. Namu da ido da tunawa suke amsa ta.

Ba kullum suke dacewa ba, kuma su ne farkon masu cewa sai Allah. Sun san abubuwan da ke cinye yaro tsakanin shekara 16 da 22. Ci-rani na ɗauke wasu zuwa Najeriya ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya a arewa, su dawo jiki ya mutu. Gwiwa ko kafaɗa kan goce, a kai wa maɗori, a koma fili tun ba a warke ba saboda kuɗin kamu ɗaya. Ƙwaya, musamman taramol, ta lalata samari da dama da suka ɗauka ƙarfi take ƙarawa. Sai kuma yabo, wanda masanan ke tsoro fiye da kowa. Yaron da makaɗi ya fara wasa shi tun bai kai ba, 'yan cali-cali masu ban dariya a fili na kwaikwayon tafiyarsa, hotonsa na yawo a WhatsApp, da wuya ya sake jin gyara. Wannan ne dalilin da ya sa dattijon da ya fi kowa yarda da yaro shi ne ya fi kowa rowar yabo a gabansa. Iyaka ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, ƙafarka ta hagu tana yin baya in ka gaji." Yaro mai rabo ya durƙusa ya ce, "Na ji, Baba." Maganar layu da guraye kuwa, ba su musanta ta a fili, sai dai ban taɓa jin gwani a cikinsu ya gina hukuncinsa a kanta ba.

Da dare gardamar kan koma fada, wurin shayi. Matasa na da nasu ma'aunin: wa ya fi saurin kaye, wa ya fi kirari, wa zai gaji Umaru Bindigau, wanda shi ma ya taɓa kawo wa Maradi takobi. Suna da bidiyo a waya, suna mayar da shi baya suna tsayarwa, abin da dattawa ba su samu ba a zamaninsu. Ina ganin alheri ne babba, in dai za a haɗa wayar da idon. Bidiyo na nuna yadda aka yi kaye, amma mai ɗauka ba ya juya waya wajen wanda ya faɗi ya ga yadda ya tashi, kuma ba ya bin yaro gona.

Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin waɗannan masana da masu zaɓe. Kafin gasar ƙasa ana tankaɗe daga gundumomi zuwa jiha har a fitar da goman da za su wakilci Maradi, kuma tankaɗen na kama wanda ya nuna a ranar. Yaron da sai nan da shekara biyar zai nuna ba shi da wurin shiga, sai dai in wani ya riƙe sunansa. Masu riƙe sunan suna nan, a Tibiri da Jiratawa da Madarunfa da unguwannin birni, kuma shekaru na tafiya da su ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga shugabannin kokowa na jiha da masu horarwa da attajiran da ke zuba kuɗi ranar takobi: in kaka ta yi, ku bar filin kokowa na Kantu da ke birni na 'yan kwanaki ku fita ƙauyuka, ku zauna kusa da waɗannan dattawa, ku rubuta sunayen da za su ba ku, ku kuma nema wa yaran abinci da magani da mai horo tun yanzu.