Katakon da ya kamata kafinta ya ƙi

Yaron kafinta kan iya tura katako a kan inji cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a cika koya masa ba shi ne ya ɗaga katako, ya kai ido tun daga wannan kai har wancan, ya ce wa maigidansa, “Oga, wannan ba zai hau ba.” A ganina nan ne babban giɓin da ke cikin horon sana'ar a yau.

Injin daidaita fuskar katako tebur biyu ne da wuƙaƙe a tsakaninsu, suna juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Kafintan da, mai fere katako da hannu, idan wuƙarsa ta ci karo da ƙusa hannunsa zai ji, ya dakata. Inji ba ya dakatawa. Ko dai bakin wuƙa ya ɓalle, ko ya hankaɗo katakon baya, hannun da ke danne da shi ya zarce kan wuƙar. Mun gaji zaɓen katako irin na zamanin aikin hannu, muka kawo shi gaban inji ba tare da mun ƙara masa komai ba.

Matsalar tun daga kasuwa take farawa. Da yawa daga cikin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa, da sauran ruwa a jikinsa. Idan aka fere shi ɗanye, iskar hunturu na bugunsa sai ya lanƙwashe ko ya tsage, aikin ya tashi a banza. Maganin sananne ne, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har ya bushe, amma mai aiki na jiran ƙofarsa, kafinta na jiran cikon kuɗinsa.

Kowane itace da halinsa. Iroko kan ɓoye wani abu mai tauri kamar dutse a cikinsa, wanda ke dakusar da wuƙa nan take. Jijiyar maɗaci a sarƙe take, shi ya sa yake yagewa idan aka ci shi da zurfi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne katakon da aka ɓamɓaro daga aikin zuba kankare: busasshen siminti a fuskarsa, guntayen ƙusoshi sun nutse a ciki, kuma arha ke sa a kawo shi. Irin wannan sai an kankare shi, an bi shi ƙusa bayan ƙusa, in ba haka ba a bar shi.

Ƙa'idojin da masu ƙera injin ke bayarwa ba su da yawa. Kada katako ya gaza inci 12 a tsawo. Kada a ci fiye da milimita 3 a wucewa ɗaya. Idan ya yi baka, ɓangaren da ya lotsa ne ke kwanciya a kan tebur, a tura shi ta inda jijiyarsa ta kwanta, da guntun katako mai mariƙi maimakon tafin hannu. Mai ƙullutun da ke girgiɗi ko tsagar da ta ratsa shi, a yanke wurin tukuna. A kuma naɗe hannun riga.

Iyayen gidan sana'a, ku ba yaranku ikon ƙin katako, kuma idan sun ƙi, kada ku yi musu tsawa a gaban mai aiki.