Jinjina ga Masu Zayyanar Allo

A makarantun allo na Maijirgi da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, allon zayyana shi ne adon ranar sauka. Masu zana shi sun cancanci jinjina, domin su ke ba wahalar neman ilimi siffar da ido zai gani. Haka ma a 1514 Albrecht Dürer na Jamus ya zana hoton Melencolia I, inda wata mai fukafukai ta yi tagumi, ga ma'auni da agogon yashi a kusa da ita, alamar cewa sani da damuwa tare suke tafiya. Mai zayyana ba ya zana fuska, amma ya san wannan gaskiyar. Zai fiƙe alƙalami, ya dama tawada da ƙaro, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, sannan ya duƙufa yana cika ƙananan gidaje da ja da rawaya da kore. Kowane gida kamar dare ɗaya ne na tilawa a bakin wuta cikin sanyin hunturu.

Wasu na cewa ado ba karatu ba ne, ɓata kuɗi ne kawai. Gaskiya ne zayyana ba ta ƙara wa kowa hadda. To amma allon kullum wankewa ake yi, rubutun jiya ba ya barin alama. Allon zayyana kuwa ajiye shi ake yi, ya zama shaidar shekarun ƙuruciya da yunwa da kewar gida. Idan sana'ar ta mutu, ƙanne za su rasa abin da ke kwaɗaita musu haƙuri. Allah ya saka wa waɗannan gwanaye da alheri.