4.3 Matsayin Manomi a Labaran Noman Rani na Kura da Bunkure

A wannan sashe an dubi yadda jaridun gwamnati guda biyu, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, da Albishir ta kamfanin Triumph, mallakar Jihar Kano, suka riƙa kawo labarin shirin noman rani na Kogin Kano. Shirin yana samun ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974.

Babu shakka jaridun sun taimaka wajen wayar da kan jama'a cikin harshen da suke ji. Sai dai galibi labarin daga bakin jami'i yake tasowa: gwamna ya kai ziyara Kadawa, ko kwamishina ya ƙaddamar da sayar da taki. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, an yi ta kambama noman alkama a matsayin hanyar dogaro da kai. Amma ba kasafai aka ji muryar manomin Bunkure da ke ƙarshen magudana ba, wanda ruwa kan yi jinkirin isa gonarsa, balle mai tumatir da kayansa ke ruɓewa a Kwanar Gafan don rashin mai saye.

Dalili a fili yake. Gwamnati ce ke naɗa shugabannin jarida, ita ke biyan albashi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka mai karatu ya san abin da aka ƙaddamar, amma bai san abin da ya isa gona ba.