Maryamu mai rigar dutse

Yau za mu duba wani zane da ke nesa da mu, a garin Fotosi, cikin ƙasar Bolibiya ta Amurka ta Kudu. Kusa da garin akwai wani babban dutse. A shekarar 1545 aka gano azurfa a cikinsa, lokacin da Turawan Sifen ke mulkin ƙasar.

Kiristoci ƴan Katolika suna da al'ada: gari ko sana'a sukan zaɓi waliyyin da suke roƙo ya tsare su. Mai kuɗi ya biya mai zane, a rataye hoton a coci. Sau da yawa har a zana wanda ya biya, yana durƙushe a ƙasan hoton.

Wannan zane an yi shi cikin ƙarni na 18, mai shi kuwa bai sa sunansa ba. Yana ajiye a tsohon gidan buga kuɗi na Fotosi. Ya zana Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa, amma dutsen azurfar nan shi ne rigarta. Fuskarta da hannuwanta kaɗai ke fitowa daga cikinsa. Rana na gefe guda, wata na ɗaya gefen.

Nan na yaba wa mai zanen. Mutanen ƙasar, tun kafin zuwan Turawa, suna girmama duwatsu, suna kiran ƙasa uwa, Facamama. Ɗan Sifen ya duba, ya ga Maryamu. Ɗan ƙasa ya duba, ya ga uwarsa ta dā. Kowa ya tashi da nasa, ba gardama.

To, amma ku dubi ƙasan hoton. Su wa ke durƙushe, manya-manya, cikin tufafi masu tsada? Fafaroma ne da manyan coci, da Sarki Sharl na 5, mai mulkin Sifen. Sarkin nan ya mutu tun 1558, fiye da shekara 100 kafin a yi zanen, bai kuma taɓa taka Fotosi ba. Duk da haka ya samu wuri mai faɗi.

Masu haƙar fa? Tun wajen 1573 ake tilasta wa ƙauyuka su aiko da namiji ɗaya cikin kowane 7 zuwa ramukan. Sunan abin mita, sai 1812 aka soke shi. Tsofaffinmu sun ba da labarin irinsa, aikin dole na zamanin Faransa, wanda aka hana a 1946. Da yawa sun shiga dutsen nan ba su koma gida ba. In akwai masu bukatar tsaro, ai su ne.

Ga shi mai zanen bai manta da mutanen dutsen ba, sai dai ya yi su ƙanana kamar tururuwa. Sai ka matsa kusa sannan ka gan su bisa hanyoyin da ke ratsa rigar, su da dabbobinsu.