Sukuwar Siyena: Unguwa Kafin Ƙasa

Sau biyu a shekara, ranar 2 ga Yuli da ranar 16 ga Agusta, mutanen birnin Siyena da ke yankin Tuskani a tsakiyar Italiya sukan zuba ƙasa a kan duwatsun babban dandalinsu, su saki dawakai goma su zagaya shi sau uku. Gudun bai cika wuce minti ɗaya da rabi ba. Babu sirdi, babu likkafa, daga mahayi sai linzami sai bulala. Abin da ake ba wanda ya zo na ɗaya doguwar tuta ce ta siliki mai ɗauke da hoton Nana Maryamu, ita ake kira Palio, kuma sunanta sukuwar ta ci. Unguwar da ta yi nasara ba ta karɓar ko sisi. Ita ce ma za ta kwance bakin jaka ta sallami mahayinta, ta biya alkawuran da ta ɗauka a ɓoye, ta kuma ciyar da dubban mutane a bikin murna.

Duk wanda ke son sanin abin da Ba'italiye yake nufi idan ya ce "gida", to ya tsaya ya dubi wannan sukuwa da kyau. Italiya ƙasa ce mai tsohon tarihi amma sabuwar haihuwa. Sai a 1861 aka ɗinke ta a ƙarƙashin sarki ɗaya, birnin Rum ma bai shigo ba sai a 1870. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa a lokacin haɗewar kashi 2.5 cikin 100 na jama'a ne kaɗai ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci. Wasu masanan sun ɗaga adadin zuwa kusan kashi 10, amma ko a hakan, mafi yawan mutane yaren garinsu suka sani. Ƙarnoni kafin nan birane da yawa cin gashin kansu suke yi, kowanne da tutarsa da kuɗinsa da abokan gabarsa. A wancan zamani Siyena jamhuriya ce mai arzikin banki da fatauci. A 1260 ta lallasa maƙwabciyarta Fulorans a yaƙin Montaperti, kuma har gobe 'yan garin ba su daina tunawa da wannan rana ba. A 1555 kuwa, bayan doguwar ƙawanya da yunwa, birnin ya miƙa wuya ga rundunar sarkin Sifaniya da ta gidan Medici na Fulorans. Mulki ya tafi. Abin da ya rage a hannun talakan gari shi ne unguwarsa, kuma a ƙarnin da ya biyo baya ne sukuwar dandali ta kankama.

Unguwannin goma sha bakwai ne, kuma iyakokinsu na nan yadda gwamnar birnin, Violante ta Bavariya, ta shata su a 1729. Kowacce da dabbarta ko alamarta: akwai Dinya, da Hasumiya, da Beguwa, da Kyarkeci, da Kunkuru, da Dodon Koɗi, da Mikiya, da Damisa, da Mujiya, da Raƙumin Dawa, har da Tsutsa. Kowacce tana da ƙaramin cocinta, da gidan ajiye kayan tarihi inda ake rataye tutocin da aka ciwo, da barga, da zauren taruwa inda ake dafa abinci a ci tare. Tana da shugaban da ake zaɓa don tafiyar da al'amuran yau da kullum, sannan da jagoran yaƙi wanda ke karɓar ragama idan kwanakin sukuwa suka zo. Jariri kan samu wankan shiga unguwa a maɓuɓɓugar ruwanta, a ɗaura masa ƙyallen unguwar a wuya; ranar da ya mutu, masu tuta za su raka gawarsa. Birnin duka bai kai mutum dubu 60 ba, amma an yanka shi gida goma sha bakwai, kuma sanannen abu ne cewa miji da mata da suka fito daga unguwanni masu gaba kan raba kwana a ranakun sukuwa, kowa ya koma wajen danginsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin shi ne yadda aka raba iko tsakanin sa'a da wayo. Dandalin ba ya ɗaukar doki goma sha bakwai, don haka unguwanni bakwai da ba su yi gudu a irin wannan rana bara ba su ke da haƙƙin shiga, sai a cike uku ta hanyar ƙuri'a. Dokin ma ba na unguwa ba ne. Kwana uku kafin ranar, jagororin suna zaɓar dawakai goma daga cikin waɗanda aka kawo, sannan ƙuri'a ta raba su. Mai arziki ba shi da hanyar sayen ingarma. Unguwar da ta faɗa kan doki mai gudu sai ihu da tsalle, a rako shi barga da waƙa. Wadda ta sami raggo kuwa sai ka ga dattawa sun sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Idan dokin ya ji ciwo a gwaje-gwaje shida da ake yi, ba a musanya shi. Mai kula da shi a barga yake kwana, ido biyu.

Daga nan sai wayo ya karɓa. Mahayan 'yan haya ne, yawancinsu daga tsibirin Sardiniya, kuma babu ruwansu da kishin unguwa; wanda ya hau wa Dinya bana yana iya hawa wa kishiyarta baɗi. Andrea Degortes, wanda ake wa laƙabi da Aceto, ya ci sau 14 tsakanin 1965 da 1992, ga unguwanni daban-daban. Ana ƙulla yarjejeniya da kuɗi tsakanin jagorori, wannan ya buɗe wa wancan hanya, wancan ya tare wa wani gaba. A ko'ina cikin duniyar wasanni wannan maguɗi ne da ake korar mutum a kansa. A Siyena kuwa shi ne rabin wasan, kowa ya sani, kuma jagoran da bai iya shi ba ba zai daɗe a kan kujera ba. Saboda haka ne unguwa ke sa wa mahayinta masu gadi dare da rana, ba don kare lafiyarsa kaɗai ba, har don kada wani ya raɗa masa magana a kunne. Wanda aka zarga da sayar da gudu, da ya sauka daga doki sai ya nemi hanyar tsira.

Wurin tashi shi ne inda duk wannan ke fitowa fili. Dawakai tara ke shiga tsakanin igiyoyi biyu, bisa jerin da ba wanda ya sani sai a lokacin. Na goma yana baya, kuma ba a sakin igiyar gaba sai ya zaburo ya shigo. Ke nan tashin kowa a hannunsa yake. Zai yi ta jan ƙafa har sai ya ga abokin ƙawancensa ya daidaita, ko ya ga kishiyarsa ta karkace. Dawakai na turereniya, mai ba da izini na fitar da su yana sake jera su, mahaya na kewayawa suna ciniki da juna a gaban dubban mutane, ana ganin leɓɓansu na motsi. Wani lokaci a shafe fiye da awa ɗaya a haka, wani lokaci ma duhu ya yi a ɗage sai gobe. Baƙon da ya zo kallon gudu yakan ƙosa. Ɗan gari kuwa a nan yake karanta wanda ya sayi wa.

Gaba ita ce gishirin abin. Dinya da Hasumiya, Beguwa da Kyarkeci, Kunkuru da Dodon Koɗi, Mikiya da Damisa, kowacce da kishiyarta, kuma hana kishiya ci ya kusa kai cin kanka daɗi. Zuwa na biyu shi ne babban abin kunya, ya fi zuwa na ƙarshe ciwo. An halatta wa mahayi ya zabga wa ɗan'uwansa bulala, wadda da busasshen al'aurar sa ake yin ta. Unguwar da ta fi kowa daɗewa ba ta ci ba kuwa "kaka" ake ce mata, a yi ta yi mata ba'a. Kyarkeci, wadda rabonta da ci tun 1989, ta sha wannan gori, sai a 2016 ta share hawayenta, ta cinye ta Yuli da ta Agusta da doki ɗaya da mahayi ɗaya. Waɗanda suka ci sukan yi yawo da robar tsotson jarirai a baki, wai an sake haifar su. Duk da wannan zafi, sauran kwanakin shekara birnin lafiya yake zaune. A ganina an yi wa gabar shinge ne, an ba ta rana da fili da ƙa'ida, shi ya sa ba ta tsallakawa.

Addini ma an saƙa shi a ciki ta hanyar da za ta ba baƙo mamaki. Ana yin sukuwar ne don girmama Nana Maryamu. Da yammacin ranar akan shigar da doki har cikin cocin unguwa, fada ya sa masa albarka, ya umarce shi ya je ya dawo da nasara. Idan dabbar ta yi kashi a wurin, murna ake yi, alamar sa'a ce. Waɗanda suka ci kuma coci suke fara nufa da tutar, suna kuka suna waƙar godiya. A Yulin 2010 aka ba Ali Hassoun, Musulmi haifaffen Labanon, aikin zana tutar. Wasu 'yan siyasa sun yi ta ƙorafi, amma aka yi sukuwa a kanta, unguwar Kurmi ta ɗauke ta ta kai gida.

Akwai ɓangaren da ba na ba shi nauyin da littattafan yawon buɗe ido ke ba shi, wato jerin gwanon tarihi da ake yi kafin gudu, da sulke da ganguna da amalanken shanu. Yana da kyan gani, sai dai ado ne da aka yi ta sabuntawa don ya yi kama da zamanin jamhuriya, alhali sukuwar kanta bayan faɗuwar jamhuriyar ta zauna da gindinta. Wankan jarirai ma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu. Alan Dundes da Alessandro Falassi, a littafinsu na 1975, sun tono ma'anoni masu zurfi a cikin kowace alama, wasu har sun yi nisa. Ni abin da na ɗauka ya riƙe al'adar ya fi haka sauƙi: masu ita ne ke biyan kuɗinta. Babu tallar kamfani a rigar mahayi, tsakiyar dandali kyauta ake shiga, ba a kuma sauya lokaci don jin daɗin baƙi. Da yawan iyalai sun ƙaura zuwa bayan ganuwa, amma suna dawowa zauren unguwa cin abincin dare, 'ya'yansu na koyon kaɗa ganga da wulla tuta a lungunan kakanninsu. Ko a 2020 da 2021, da annobar korona ta hana sukuwa, unguwannin ba su watse ba.

Saura maganar doki, kuma a nan masu suka suna da hujja. Dandalin ba don sukuwa aka gina shi ba. Kwanar San Martino gangare ce mai kaifi, har katifu ake jerawa a bangonta. A sukuwa ta musamman da aka yi a Oktoban 2018, don cika shekara ɗari da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, doki mai suna Remorex ya ci wa Kunkuru bayan ya yar da mahayinsa, domin a ƙa'ida doki ne ke ci, ko da mutum a kansa ko babu. A wannan gudun ne kuma dokin Raƙumin Dawa, Raol, ya karye, aka rasa shi. Hukumar birnin ta ƙara binciken likitoci, ta koma amfani da dawakai ruwa-biyu masu ƙwarin ƙashi, haɗarin ya ragu amma bai ƙare ba. 'Yan Siyena kan ce babu wanda ya kai su son doki, kuma gaskiya ne, a liyafar nasara ma shi ake ba wurin girma. Amma mahayi ya karɓi kuɗi ya kuma san abin da ya shiga, ɗan unguwa ya zaɓi ya zo, doki kaɗai ne ba a tambaya ba. Muddin ana zuba ƙasa a dandalin nan, alhakin kowane dokin da ya faɗi a San Martino yana wuyan unguwannin goma sha bakwai, kuma masu tsaya musu a kan wannan ba maƙiyan al'adarsu ba ne.