Zaman Marubuta a Jos: Tsakanin Sambarka da Tarke

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi irin aikin da zaman marubuta ke yi wa rubutu kafin ya kai hannun mai karatu. Abin da ake nufi da zaman marubuta shi ne haɗuwar da masu ƙagaggen labari da masu waƙa kan yi lokaci-lokaci, kowa ya karanto abin da ya rubuta, sauran su faɗi ra'ayinsu. An gina bayanin ne a kan tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasar Hausa, da kuma abin da na gani a wani zama da nake halarta a Jos. Ba zan ambaci sunan zaman ko na mahalartansa ba, domin matsalar da za a tattauna ba tasu ba ce su kaɗai, har da ni a cikin masu laifin. Tambayar ita ce: shin rubutun da ya shiga zaman yana fitowa ya fi yadda ya shiga kyau?

2.0 Waiwaye

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya tashi ne a hannun edita. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, kuma kowannensu sai da ya bi ta hannunsa kafin a buga. Haka nan Abubakar Imam ya zauna tare da shi a Zariya a 1936 lokacin aikin Magana Jari Ce. Ana iya sukar manufar Turawan mulkin mallaka a wannan aiki, sai dai ba a musun cewa akwai mai karanta rubutu da idon gyara, mai ikon cewa a koma a sake. Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da wannan al'ada gwargwadon hali.

A fagen waƙa kuwa, ƙungiya ce ta riƙe wannan matsayi. Ƙungiyar Hikima ta Kano, wadda Mudi Sipikin ya jagoranta a shekarun 1970, ta tara mawaƙa maza da mata, cikinsu har da Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, kuma a kanta Graham Furniss ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1977. Waƙa tana da ma'aunin da kunne ke kamawa nan take. In kari ya karye ko amsa-amo ya kauce, kowa a wurin zai ji, ba sai an yi gardama ba.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu. Daga nan ne ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa suka bayyana a Kano. Raina Kama, wadda ta ƙunshi Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, ta yi rawar gani wajen taimakon juna a kan bugu da talla da rarrabawa, har ta samar wa Hausa ɗimbin makaranta. Amma sukar da Ibrahim Malumfashi ya yi wa wannan adabi a farkon shekarun 1990, da muhawarar da ta biyo baya a jaridu, sun nuna inda giɓin yake. Ƙungiya ta gaji kamfani wajen fitar da littafi, kujerar edita kuwa ta zauna babu kowa a kai. Wannan kujera ce ya kamata zaman marubuta na yau ya hau.

3.0 Matsayin Jos

Jos ba Kano ba ce. Gari ne da haƙar kuza ta tara wa jama'a tun farkon ƙarni na 20, inda Hausawa suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere da Angas da Tarok da mutanen kudu, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha da coci da masallaci. Garin bai rasa masu fasaha ba. A nan Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi zamaninsa da kuntigi, a nan kuma hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, ta yaye Helon Habila, wanda ya ci gasar Caine a 2001, da Abubakar Adam Ibrahim, wanda littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci gasar adabi ta NLNG a 2016.

Abin lura a nan shi ne, tauraruwar littafin Abubakar Adam Bahaushiya ce da rikicin Jos ya raba da gidanta, amma da Ingilishi aka ba da labarinta. Ke nan abin da ya sami garin a Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 ya isa kunnen duniya ta wani harshe, alhali da Hausa aka yi kururuwar, da Hausa kuma maƙwabci ya ɓoye maƙwabcinsa. Marubucin Hausa na Jos yana zaune a kan jigon da ba wanda ya fi shi saninsa. Abin da yake bukata shi ne masu karatun farko da za su taimake shi ya fitar da shi yadda ya kamata.

4.0 Abin da ke Faruwa a Zama

Zaman da nake halarta yana da alherinsa. Yana haɗa ɗalibi da tela da malamar firamare a kan benci ɗaya, yana haɗa na Unguwar Rogo da na Tudun Wada a garin da unguwanni suka rabu bisa addini. Yana kuma sa wa marubuci wa'adi, domin wanda ya san za a kira shi ranar Asabar dole ya zauna ya rubuta. Sai dai ta fuskar tarke akwai rauni iri uku, kuma misali ɗaya ya isa ya nuna su duka.

Wata ɗaliba ta karanta mana gajeren labari a kan wasu mata biyu, Bahaushiya da 'yar Birom, masu rumfuna dab da juna a babbar kasuwar Jos kafin gobarar Fabrairun 2002. Bayan rikici, 'yar Birom ɗin ta ratsa unguwar da ake ce mata kada ta shiga, ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙawarta, ta ce mata, "Yarinya na bai dawo gida ba tun jiya." Daga nan labarin ya bi su biyun suna nema. A shafin ƙarshe sai ga wani dattijo da ba a taɓa ambata ba ya ɓullo da yarinyar, ya tsaya ya yi dogon wa'azi a kan zaman lafiya.

Rauni na farko shi ne sambarka. Da ta gama, sai aka bi layi, wannan ya ce Allah ya ƙara basira, wancan ya ce labarin ya faɗakar. Kunya da kara halaye ne na gari a zamantakewa, amma a wurin gyaran rubutu suna tauye marubuci haƙƙinsa. Yabon da bai nuna shafi da layi ba, bai ce ga abin da ya yi kyau ga kuma dalili ba, ba ya koya wa mai rubutu komai.

Na biyu shi ne mayar da tarke gyaran ƙa'idojin rubutu. Mun ɓata fiye da rabin lokacin a kan raba kalma da haɗe ta, da ƙugiyar da aka manta a kan haruffa. Wannan aiki wajibi ne, amma na ƙarshe ne, kamar shafe ne bayan an gama gini. Ba wanda ya tambayi daga ina dattijon nan ya fito, ko me ya sa aka ƙwace warwarar rikicin labarin daga hannun matan biyu da suka ɗauke shi tun farko. Wa'azin ya maimaita da baki abin da ƙwanƙwasa ƙofar ya riga ya nuna a aikace, ya kuma rage masa ƙarfi. Wannan matsala ce ta zubi da tsari, kuma ita ce babbar matsalar labarin.

Na uku ya fi su illa. Wani daga cikinmu ya ce jimlar 'yar Birom kuskure ce, a mayar da ita "Yarinyata ba ta dawo gida ba", aka kuma amince. Ni da ke koyar da adabi na yi shiru, saboda mai gyaran ya girme ni. Gaskiya ne daidaitacciyar Hausa tana bambanta jinsi, amma da yawa daga cikin waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu a Filato ba sa bambantawa, kuma duk wanda ya taɓa sayen dankali a Farin Gada ya san haka. Wannan jimla ita ce ta shaida wa mai karatu ko wace ce ke bakin ƙofa ba tare da an faɗa masa ba. Da aka gyara ta, sai matan biyu suka koma magana da murya ɗaya, tazarar da labarin ke son nuna an tsallake ta ɓace. Muryar mai ba da labari ita ke bin daidaitacciyar Hausa, bakin taurari kuwa nasu ne, muddin marubuci ya yi haka da sani ba don izgili ba.

5.0 Shawarwari

Da farko, a raba rubutu ga mahalarta kwanaki kafin zama, ko a takarda ko ta WhatsApp, domin kunne yana kama daɗin jimla amma ido ne ke kama ramin da ke cikin tsari. Na biyu, a bi matakai: jigo, sannan zubi da tsari, sannan taurari da salo, ƙa'idojin rubutu su zo a ƙarshe. Na uku, marubuci ya yi shiru har a gama, saboda ba zai bi littafinsa gida-gida yana bayanin abin da yake nufi ba. Na huɗu, ƙanana su fara magana kafin manya, don kada ra'ayin malami ya rufe bakin ɗalibi. Na biyar, duk rubutun da aka tattauna a dawo da shi bayan gyara, a gwada na farko da na biyu. Ta haka ne kawai zaman zai san ko shawararsa tana gyara ko tana ɓatawa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda edita ya raini ƙagaggen labarin Hausa, da yadda ƙungiyoyi suka karɓi aikin bugu suka bar na gyara, da kuma yadda zaman marubuta a Jos ke iya goge abin da ya bambanta rubutun garin da na sauran wurare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai gyaran ya san abin da ya kamata ya taɓa da wanda ya kamata ya bari. Daga baya na nemi ɗalibar na ce ta mayar da jimlarta yadda take, ta kuma sake duba dattijon nan. Ta mayar da jimlar. Dattijon kuwa ta ce tana nan tana tunani a kansa, kuma za ta kawo labarin zama na gaba.